Tsadar Wutar Lantarki: Daga Ina Sauƙi Zai Zo?

Mu da muke cin kasuwannin Birnin Ƙonni, Ɗan Isa da Magariya mun san abin da ɗaukewar wuta take jawowa. Mai ƙanƙara ya ga jarinsa ya narke, tela ya naɗe hannu, mai niƙa kuma ya ƙara kuɗi saboda ya tayar da inji. A ƙarshe mai saye ne yake biya.

Shekaru da dama Nijar tana sayen kusan kashi 70 cikin ɗari na wutarta daga Nijeriya, ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai da na Katsina zuwa Gazawa. Wutar tana da araha, musamman ta madatsar Kainji, domin ruwa ne yake juya injinanta. Amma a watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Nijeriya ta katse wutar a ƙarƙashin takunkumin CEDEAO, ba ta maido da ita ba sai a watan Maris na 2024. A watannin nan ne muka gane cewa kayan aro ba ya rufe katara.

Da aka katse, sai kamfanin NIGELEC ya koma kan injinan mai, irin na tashar Gorou Banda da aka buɗe a 2017 kusa da Yamai. Inji kuwa ba ya aiki sai ya sha. Kowace awa yana cin gazuwal, ga kayan gyara da ake shigowa da su da kuɗin waje. Ko da yake muna da matatar SORAZ a Damagaram tun 2011, man da aka ƙona ya tafi ke nan. Wannan shi ne tushen tsadar.

Hasken rana ba haka yake ba. Kuɗinsa a wajen kafawa yake. Da zarar an shimfiɗa farantan, babu mai zuwa da takardar kuɗin mai. Tsakanin 2010 da 2020 farashin farantan ya faɗi da fiye da kashi 80 cikin ɗari a duniya. Tashar Malbaza mai megawat 7 ta fara aiki a 2018, ta Gorou Banda mai megawat 30 kuma a 2023. Matsalarta ɗaya: rana na faɗuwa take tsayawa, sai da batir ko wata hanyar. Nan ne ake buƙatar madatsar Kandaji a jihar Tilaberi, wadda aka aza harsashinta a 2008 don ba da megawat 130, amma aikin ya sha tsaiko.

Saboda haka muke kira ga mahukunta da su ƙara tashoshin rana kusa da garuruwan iyaka, su ƙarasa Kandaji, a bar gazuwal don lokacin larura. Mu ma ƴan kasuwa, kafin mu sayi sabon janareto, mu lissafa man da zai sha a shekara guda, mu gwada da kuɗin faranti da batir.