Zaman Da Mashaya Ke Yi Don Su Rabu Da Giya

Barin giya abu ne mai wuya. Mutum yakan rantse da safe cewa ya daina, amma kafin magariba sai a gan shi a gidan burkutu. Iyali sun yi faɗa, mai unguwa ya ja kunne, ga kuɗin taki ya tafi. Ba wai ba ya jin magana ba ne. Giya ce ta kama jikinsa, kuma likitoci sun ce wannan ciwo ne.

Akwai wata hanya da ta taimaki mutane masu yawa. Ita ce mashayi ya riƙa zama da waɗanda suka sha irin wahalarsa.

Abin ya samo asali ne a shekarar 1935, a garin Akron na ƙasar Amurka. Wani dillali mai suna Bill Wilson ya je garin don neman kuɗi, amma cinikin ya lalace. A lokacin ya yi 'yan watanni bai sha ba, sai ya ji ƙishin giya ya taso masa. Maimakon ya nufi mashaya, sai ya nemi a haɗa shi da wani mashayi su yi magana. Aka haɗa shi da wani likita, Bob Smith, wanda giya ta kusa raba shi da aikinsa. Suka ga cewa hirar da suke yi tana hana su sha. Daga nan aka kafa ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wato AA a taƙaice. Ma'anar sunan ita ce mashayan da ba a bayyana sunansu. Yau tana cikin ƙasashe kusan 180.

To, me ake yi a wurin zaman? Ana haɗuwa a wani ɗaki, yawanci na awa ɗaya. Babu kuɗin shiga, babu cika takarda. Sharaɗi ɗaya ne kawai, mutum ya kasance yana so ya daina sha. Kowa yakan faɗi sunansa na fari kaɗai. Sai a yi ta magana ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ba da labarin abin da giya ta yi masa da yadda yake fama. Ba a katse mai magana, ba a yi masa gori. Baƙo yana iya yin shiru ya saurara, ba wanda zai tilasta shi. Abin da aka ji a ɗakin kuwa, a nan ake barinsa. Wannan ya fi komai muhimmanci ga mutumin ƙauye, inda kowa ya san kowa.

Ba a ce wa sabon zuwa ya yi alkawarin bari har abada. Ana ce masa ya yi ƙoƙari kada ya sha a yau kaɗai. Gobe ma ya sake yin haka. Yakan kuma zaɓi wani da ya daɗe da dainawa ya zama jagoransa, wanda zai nema ko da tsakar dare idan sha'awar ta motsa. Wanda ya koma sha ba a korarsa, ya dawo a ci gaba. Ƙungiyar ba ta wani addini ba ce, Musulmi da Kirista duk suna zama tare.

Irin wannan zama ya fi yawa a manyan birane kamar Legas da Abuja. Mutumin karkara sai ya fara tambaya a asibitin shan magani mafi kusa. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa, kamar na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, suna duba masu matsalar shaye-shaye. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. Tun daga shekarar 2020 kuma, ana yawan yin zaman ta wayar hannu mai intanet. Idan duk babu, ƙa'idar ƙungiyar ta yarda mutum biyu ko uku masu son dainawa su fara nasu zaman. Su tsai da rana da wuri, nesa da inda ake sayar da giya.

Amma ga gargaɗi babba. Wanda ya daɗe yana sha da yawa kullum, kada ya tsaya farat ɗaya ba tare da ganin likita ba. Cikin kwana ɗaya zuwa uku yana iya samun rawar jiki, da zufa, da farfaɗiya, ko ya riƙa ganin abin da babu. Wasu sukan ce aljanu ne. Rashin giyar ne a jiki, kuma yana iya kisa. A kai shi asibiti nan take, akwai maganin da ake bayarwa. Idan jiki ya lafa, sai a kama zuwa zaman.