Halin Mutum da Damfarar Waya

A kasuwar Paiko, hedikwatar ƙaramar hukumar Paikoro da ke kan hanyar Minna zuwa Suleja, dillalin doya yakan gane ruɓaɓɓiya da ɗaga ta kawai. Amma shi ɗin ne za a kira a waya a ce daga banki ne, za a rufe asusunsa in bai gyara BVN ba, nan take ya karanto lambar da aka turo masa. Ba wauta ba ce. Halinsa aka karanta.

Tun da Babban Bankin Najeriya ya ɓullo da BVN, wato lambar tantance masu asusun banki, a 2014, musamman kuma bayan ƙarancin takardun naira na farkon 2023 da ya tura masu saye da sayarwa ga tiransifa da masu POS, wayar hannu ta zama aljihu. Ɗan damfara kuwa ya san halin da zai taɓa.

Masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, Robert Cialdini, ya nuna a littafinsa na 1984 cewa mutane kan miƙa wuya ga mai iko, kuma kan ruɗe idan aka ce abu zai ƙare. A wajenmu abin ya fi haka zurfi, domin akwai kunya da kara. Wanda ya taso ba ya musu da babba, ina zai iya kashe wa "manajan banki" waya? Mai tausayi shi ake aiko wa saƙon WhatsApp da sunan ɗan'uwa, wai yana kwance a asibiti a Minna. Mai saurin firgita ana ba shi 'yan mintuna ne kawai, don kada ya samu sararin tambayar kowa.

Mai kwaɗayin riba labarinsa sananne ne: tsarin zuba kuɗi na MMM, mai alkawarin riba mai yawa, ya daskarar da kuɗin jama'a a Disambar 2016.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai ganin idonsa a buɗe yake. Ɗalibi ko ma'aikacin da ya saba da intanet ba ya tsayawa duba adireshin shafin da ya yi masa alkawarin tallafi ko aikin gwamnati. Ya cike fom, ya sa lambar katinsa. In ya gane an yi masa sakiyar da ba ruwa, girman kai ya hana shi zuwa banki da wuri, kafin ya je an raba kuɗin zuwa wasu asusai.