Dabarar da ke fitar da ƙafar katako daga cikin sabon takalmi

Galibi takalmi sau-ciki, ko na masana'anta ne ko na masu ɗinki a kasuwar Ariaria ta Aba, a kan wata ƙafa ta katako ko ta roba mai tauri ake haɗa shi. Ita ce ke ba shi siffa. Sai dai idan aiki ya kammala, ƙafar ta fi bakin takalmin tsawo, kuma fizgo ta da ƙarfi kan tsinka ɗinki ko ya tsage fatar dunduniya.

Saboda haka ake raba ta biyu, gaba da dunduniya, a haɗe su da gaɓar ƙarfe mai sifirin. A saman mahaɗar akan yanke giɓi mai siffar harafin V. Yayin da ake ja da fata ana buga ƙusa, sifirin ɗin yana riƙe sassan biyu gam. In an gama, sai a kifa ƙafar a kan sandar ƙarfe da ke shiga wani rami a saman dunduniya, a danna. Giɓin ya rufe, dunduniya ta zame, tsawon ya ragu, takalmi ya fito salin alin.

Wurin da aka dasa gaɓar shi ne gwanintar maƙeri. Kuma idan ta yi sako-sako da tsufa, ƙafar kan lanƙwashe ana tsakar aiki, takalman su fito lamba ɗaya amma tsawo daban.