Hujin Kunne da Haƙƙinsa

Tun zamanin kakanni al'adar Hausawa ce idan aka haifi 'ya mace, kafin uwar ta gama wankan jego, ungozoma ko wata tsohuwa mai sanyin hannu takan zo da allura da baƙin zare ta huda kunnuwan jaririyar, ta ƙulle zaren a ciki, bayan kwanaki a cire shi a sa tsinke, har zuwa ranar da za a saƙala mata 'yan kunnen farko. Malamai sun yi magana a kan wannan. Imamu Gazali ya tsananta a kai don ganin rauni ne ake yi wa jiki, amma Ibnul Ƙayyim da wasunsa sun halatta shi ga mata, suna kafa hujja da hadisin da ke cikin Buhari, na ranar Idi da mata suka riƙa jefa 'yan kunnensu sadaka cikin tufar Bilalu.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, huji rauni ne kafin ya zama ado, kuma kowane rauni yana da wa'adinsa. Leɓen kunne, da yake tsoka ce mai wadatar jini, yakan warke cikin mako 6 zuwa 8. Amma saman kunne da gefen hanci, inda guringuntsi yake, jini ba ya isa sosai, saboda haka warkewarsu takan ci watanni, wani lokaci har shekara, alhali daga waje mutum yana ganin kamar an gama.

Hatsari na farko yana ga allurar kanta, domin wadda aka huda yara biyar da ita a gida guda tana iya ɗaukar ciwon hanta daga wannan zuwa wancan, ƙazamar allura kuwa tana iya jawo tsinkau-tsinkau. Sai a nemi sabuwa fil ga kowace yarinya. Bayan haka kulawar ba ta da wuya: a wanke hannu da sabulu, a narkar da rubu'in ƙaramin cokali na gishiri cikin kofi ɗaya na tafasasshen ruwan da ya huce, a jiƙa ƙyalle mai tsabta a share gaba da bayan hujin safe da yamma, a bar shi ya bushe. Kada a yi ta murza ɗan kunnen, gama murzawa tana yage sabuwar fatar da ke fitowa. Kada kuma a cusa toka, ko man shafawa, ko turare, balle a yawaita sifirit, wanda ke ƙona fata.

Sau da yawa za ka ga budurwa ta sayo 'yan kunne masu ƙyalli a kasuwa, bayan kwana uku kunnen ya kama ƙaiƙayi yana tsatsar ruwa, a ce wai jininta ne ba ya son ƙarfe. Galibi illar daga nikel take, ƙarfen da ake gauraya kayan araha da shi, maganinta kuwa a koma ga zinariya ta ƙwarai. Akwai kuma tabon nan mai tasowa a bayan kunne kamar gyaɗa, har ya kai girman goro, wanda ya fi addabar baƙar fata, ya fi kama waɗanda aka huda bayan sun girma, kuma yana bin dangi. Wadda ta san yana gidansu, ta haƙura da ƙarin huji. Wadda ya riga ya fito mata, kada ta kai wa wanzami ya yanke, don yankan kaɗai yakan sa ya dawo fiye da da.

In kuwa wurin ya yi ja, ya kumbura, yana zafi yana fitar da mugunya, musamman idan zazzaɓi ya biyo, to, a garzaya asibiti, kada a tsaya jiran gobe. Jiki amana ce a hannunmu, iyaye mata, a kula da kunnen yarinya tun ranar da allura ta shige shi.