Yadda Ƙasashe Biyar Suka Dawo da Kifi Kogin Rhine

Mu da karatu ko neman abinci ya kawo Bonn da Kolon da Rotterdam, kusan kullum muna tsallaka kogin Rhine, kuma miliyoyin mutane daga gare shi ake tace musu ruwan sha. Amma a shekarun 1950 ƙazantar masana'antu da madatsun ruwa sun sa kifin salmon ya ɓace daga cikinsa gaba ɗaya.

Kogin ya taso ne daga tsaunukan Suwizalan, ya yi tafiyar kilomita kusan 1,230 kafin ya faɗa teku a Holan. Duk abin da na sama ya zubar, na ƙasa ne zai sha. Shi ya sa a 1950 Suwizalan da Faransa da Jamus da Luksamburg da Holan suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta kare kogin, wadda ofishinta ke Koblenz.

Aikin ya daɗe yana tafiyar hawainiya, har zuwa 1 ga Nuwamba 1986, ranar da gobara ta tashi a rumbun sinadarai na kamfanin Sandoz kusa da Basel. Ruwan kashe wutar ya kwashe maganin ƙwari ya shiga kogi, ya rina shi ja, kifaye suka mutu tsawon ɗaruruwan kilomita, garuruwa suka dakatar da jan ruwan sha.

A 1987 ministocin ƙasashen suka amince da sabon shiri, suka kuma sa wa kansu ma'aunin da kowa zai iya gani da ido: salmon ya dawo kafin shekarar 2000. A ganina dabarar ke nan. Wannan kifi a ƙananan rafuka yake ƙyanƙyashewa, ya girma a teku, sannan ya hauro ya yi ƙwai. Idan ƙasa ɗaya ta yi sakaci, ba zai iso ba.

Aka tsaurara tace ruwan masana'antu da na birane, aka ƙarfafa cibiyoyin gargaɗi daga Basel har Holan, aka riƙa sakin 'ya'yan kifi. A 1990 aka ga salmon ya dawo yankin kogin Sieg, wanda ke haɗuwa da Rhine dab da Bonn. An gina wa kifi matakala a madatsar Iffezheim a 2000, da ta Gambsheim a 2006, sannan a 2018 shawarar da Holan ta yanke ta a riƙa ɗan buɗe ƙofofin Haringvliet domin kifi ya shigo daga teku ta fara aiki.

Har yanzu da sauran aiki. Salmon ɗin na dogara da 'ya'yan da ake saki, ga zafi da ƙarancin ruwa irin na 2018 da 2022.

Mu ma muna da irin waɗannan hukumomi: ta Tafkin Chadi tun 1964 a Njamena, da ta Kogin Neja a Yamai. Ɗalibanmu da ke karanta ilimin ruwa da muhalli a nan, ina ba su shawara su nazarci yadda aka sa ma'auni ɗaya da ya ɗaure kowace ƙasa, domin masuntan Baga da Yawuri na buƙatar irinsa.