YADDA ZA A SA AKWATIN REDIYO YA KAMA TASHA SOSAI

Sau da yawa akan sami kuka daga gundumomi masu nisa cewa ƙaramin akwatin rediyo ba ya kama tasha, sai shuu da ƙara. Wani ya kan zaci akwatin ya lalace, ya aika da shi birni wurin mai gyara, alhali kuwa galibi laifin eriya ne. Hakimin da rediyonsa ba ya kamawa, sanarwar allurar rigakafi ko gargaɗin ambaliya sai dai ya tsince su a bakin 'yan kasuwa, bayan lokaci ya wuce.

Eriya Biyu Ce

Yawancin akwatunan nan eriya biyu gare su. Ta farko ita ce sandar ƙarfe da akan zuge a sama. Ita ke kama gajeren zango da FM. Ta biyu tana ɓoye a ciki, wata baƙar sanda ce da aka naɗe da siririyar waya. Ita ke kama matsakaicin zango.

Saboda haka mai neman tasha a matsakaicin zango, zuge sandar sama ba zai amfane shi da kome ba. Sai ya riƙa juya akwatin kansa a hankali. Murya ta fi fita idan gaban akwatin ko bayansa ya fuskanci garin da tashar take.

Don kama FM, a zuge sandar kamar inci 30, a karkata ta dama da hagu har a dace. FM ba ta tsallake dutse da tudu sosai, don haka tsawon wuri ya fi tsawon waya amfani. A ɗora akwatin bisa taga ko soro.

Ƙarin Waya Don Gajeren Zango

A sami wayar jan ƙarfe mai rigar roba, ƙafa 20 zuwa 30. A feƙe baki ɗaya a ɗaura a sandar, a fitar da sauran ta taga, a rataye a bishiya da igiya, yadda ƙarfen ba zai taɓa itace ko kwano ba. Kada a zarce da tsawo, gama waya mai tsawo ainun ta kan cika ƙaramin akwati, tashoshi su hau kan juna. In haka ta faru, a kwance ta, a naɗa ta da rigarta sau biyar ko shida a jikin sandar.

Da rana a nemi tasha a mita 16 da 19, da dare kuwa a mita 31, 41 da 49.

Abubuwan Da Ke Hana Kamawa

Rufin kwano yana tare murya, ɗakin azara ko na ciyawa ya fi shi. Janareta, da cajar waya, da waɗansu ƙwayayen lantarki na zamani suna jawo ƙara; a nisanta akwatin da su. A kuma duba batir, gama in ya yi sanyi ba eriyar da za ta taimaka.

Gargaɗi

Waɗannan biyu batun rai ne. Kada a kuskura a ja wayar eriya bisa wayar lantarki, ko ƙarƙashinta, ko a ɗaura ta a jikin turken lantarki. Da damina kuma, da zarar hadari ya taso, a cire wayar daga akwatin a jefa bakinta waje, tun ba a fara tsawa ba, don waya a sama tana iya jawo aradu cikin ɗaki.

Ana roƙon hakimai su sa malamansu su karanta wa dagatai da masu unguwa wannan takarda, musamman gargaɗin nan, kafin ruwan farko ya sauka.