A yi wa bango ƙubaka kafin yaɓe

Tela ba ya ɗinke zariya a jikin wando. Yakan naɗe bakin wandon ya yi ƙubaka, zariya ta ratsa ta ciki. Ran da ta tsinke, sai a zare ta a zura sabuwa, wando bai ji komai ba. Wannan dabarar ce nake so masu gina sabbin gidaje a Tajaye, cikin ƙasar Adar ta Nijar, su ɗauka game da wayoyin talabijin da na lasifika.

Mutum ya sha wahalar ci-rani a Abidjan ko Legas, ya sayi siminti na Malbaza, inda ake sarrafa shi tun shekarun 1960, ya tada gidan bulo mai kyau. Sai an gama fenti ake tunawa da farantin tauraron ɗan Adam da dikodar Canal+. Daga nan ko dai a huda taga waya ta yi ta lilo a falo, yara na ja, ɓera na ci, ko kuma a ɗauko guduma a farfasa bangon da aka kashe wa kuɗi.

Wasu kuma sukan binne wayar tsirararta cikin siminti, wato sun ɗinke zariya da wando. Alhali kayan kallo ba sa zama wuri ɗaya. A idonmu aka bar kaset aka koma faifai, yanzu ga HDMI da intanet. Gida kuwa har jikoki za su gada.

Ƙubakar bango ita ce tiyon roba da ake sawa kafin yaɓe. A zaɓi mai faɗi, a guji lanƙwasa mai tsanani, a bar siririyar waya a ciki don jawo wata nan gaba. Tiyon lantarki daban, na sauti da hoto daban, domin idan suka jera manne da juna lasifika takan yi gurnani. A ɗaga tiyo ɗaya zuwa rufi saboda faranti, wani kuma saboda allon hasken rana. Wanda ya ga duhun da aka shiga a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta, ya san amfaninsa. Dikoda da na'urar ƙara sauti kuwa kada a kulle su a akwatin da iska ba ta shiga, don zafin bazara a ƙasar Adar yana haura digiri 40. Bakin kowane tiyo a toshe shi saboda ƙurar hunturu da zanzaro.

Kafin magini ya watsa yaɓe, maigida ya ɗauki hoton kowane bango da wayarsa, don kada wata rana ƙusa ta huda tiyo. Kuɗin tiyon bai kai na fasa bango da sake fenti ba. Saboda haka a zaunar da magini da mai aikin wuta tare tun ana kan bulo, a nuna musu inda talabijin za ta zauna.